Sanƙarau a Bakin Iyaka: Wa Zai Riƙe Amanar Bayanan Wayoyinmu?

A ƙarshen watan Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan annobar sanƙarau a Nijeriya, kuma duk ɗan ƙasar Gumel da ya karanta shi sai gabansa ya faɗi. Daga farkon Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023, an samu mutum 1,686 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasar nan, 124 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Jihar Jigawa ita kaɗai ta ɗauki 1,252. A cikin Jigawan ma Maigatari ce a gaba da mutum 505, Sule Tankarkar na biye da ita da 247. Ƙananan hukumomi biyu kacal sun kusa ɗaukar rabin nauyin ƙasa baki ɗaya. Da aka tashi yin allurar riga-kafi ta gaggawa, Maigatari da Sule Tankarkar da Gumel da Gagarawa aka nufa.

Cutar ba daga sama ta faɗo mana ba. Tun a ƙarshen 2022 take cin mutane a jihar Damagaram ta Nijar, inda zuwa ƙarshen Janairun 2023 aka ƙirga mutum 559 da mutuwar 18, kuma gundumar Dungas ce ta fi kowace shan wuya da mutum 342. Tsakanin Dungas da Maigatari kuwa babu abin da ya raba sai layin da Turawa suka shata. Dangi ɗaya ne, ana auratayya, ana zuwa biki da ta'aziyya, ana kuma haɗuwa duk ranar Alhamis a kara, wato kasuwar dabbobi ta Maigatari.

Tun daga yammacin Laraba garake ke shigowa Maigatari, shanu da raƙuma da tumaki da awaki, wasu a ƙafa bayan kwanaki a hanya daga cikin Nijar, wasu a mota. Fatake daga kudu sun riga sun jera tireloli. Wanda bai samu masauki ba ya shimfiɗa tabarma a rumfa, wanda ya samu ya cusa kai cikin ɗakin da ya cika maƙil, ga ƙurar kara, ga iskar hunturu mai busar da maƙogwaro. Ƙwayar sanƙarau ta numfashi da tari take bi, kuma da yawa daga masu ɗauke da ita a maƙogwaro lafiyarsu ƙalau, ba su ma san tana nan ba. Da la'asar ɗin Alhamis kasuwa ta fara watsewa, kowa ya kama hanyar garinsu da abin da ya saya da abin da ya shaƙa.

A irin wannan lokaci babbar tambayar jami'in lafiya ita ce: ina suka nufa? Allurar gaggawa daga rumbun ajiya na duniya ake roƙo ta, ba ta zuwa da wuri, kuma ba ta isar kowa. Dole ne a zaɓi mazaɓar da za a fara. In aka yi daidai an tare gaban cutar, in aka kuskure sai a yi ta bin bayanta ana ƙirga gawa.

Akwai wanda ke da rabin amsar a hannunsa, shi ne kamfanin waya. Duk lokacin da ka buga waya, ko ka tura saƙo, ko ka kunna data, na'urar kamfani tana rubuta lokacin da kuma ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauki kiran. Don lissafin kuɗi ake ajiye wannan rubutu, amma in aka tara na dubban mutane sai ya zama taswirar zirga-zirga: layuka nawa suka wuni a Maigatari ranar Alhamis, nawa daga ciki suka kwana a Gumel ranar Juma'a, nawa suka gangara Haɗeja ko Kano. Ba sai an saurari maganar kowa ba. An gwada abin a wasu wurare ya yi amfani. Bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, masu bincike sun yi aiki da bayanan layuka kusan miliyan 1.9 na kamfanin Digicel, suka gano cewa kimanin mutum 630,000 sun fice daga babban birnin ƙasar cikin 'yan makonni, suka kuma nuna garuruwan da suka nufa. Da kwalara ta ɓarke a watan Oktoba, da wannan dabara aka nuna wa masu agaji inda mutanen yankin da cutar ta fara suka watsu. A Kenya an bi sawun zazzaɓin cizon sauro da bayanan layuka kusan miliyan 15, aka wallafa sakamakon a 2012. A 2020 hukumar ƙididdiga ta Ghana ta haɗa kai da Vodafone da ƙungiyar Flowminder don auna yadda dokar kulle ta korona ta rage zirga-zirga.

Ina goyon bayan a yi irin wannan aiki a arewacin Jigawa. Duk wanda ya taɓa ganin yaro a kwance wuyansa ya sage, haske yana damun idonsa, uwarsa tana yi masa fifita ba ta san abin yi ba, ba zai ce a bar makamin da zai iya ceton rai a kulle a akwatin kamfani ba. Wanda ya tsira ma wani lokaci ya rasa ji har abada. Amma goyon bayana yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne maƙasudin wannan rubutu: bayanin da aka ɗauko don ceton rai ya tsaya a aikin ceton rai, kuma a rubuta wannan ƙa'ida a sanar da jama'a tun kafin annoba ta zo.

Za a ce ai ana goge sunaye da lambobi kafin a miƙa wa masu bincike. Goge suna bai isa ba. A 2013 wasu masana suka duba bayanan zirga-zirgar mutum miliyan ɗaya da rabi waɗanda aka cire wa suna, suka tarar cewa sanin wuri huɗu da lokacin da mutum ya kasance a kowanne ya isa a ware shi daga sauran a kashi 95 cikin 100. Wannan a ƙasar da jama'a suka cunkushe a birane ke nan. Ina ga ƙauyen da wayoyinsa ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba? Layin da ke kwana a wata ruga a arewacin Sule Tankarkar, ya wuni a kara duk Alhamis, ya yi sallar Juma'a a Gumel, ba ya buƙatar suna. Yaro ƙarami a ƙauyen zai faɗa maka mai shi. Ƙari a kan haka, tun Disambar 2020 gwamnati ta tilasta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa Satumbar 2024. Yau bayan kowane layi akwai suna da hoto da zanen yatsa. Saboda haka abin da ya kamata ya fita daga kamfani jimilla ce kawai: mutum kaza sun tashi daga mazaɓa kaza zuwa mazaɓa kaza. In adadin ya yi ƙanƙanta har za a iya gane mutanen, a haɗe shi da na maƙwabta ko a bar shi. Ɗanyen bayanin kuwa ya zauna a inda yake.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai leƙa taswirar bayan likita ya gama da ita. Mutumin bakin iyaka yana da dalilin tsoro wanda mutumin Abuja ba zai gane da sauri ba. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, sai a Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu na farko, Maigatari na cikinsu. A Nuwamban 2019 aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame iyakar har zuwa Maris ɗin 2024. A duk waɗannan watanni mutane ba su daina ƙetarawa ba, don wani gonarsa tana can, wata iyayenta suna can, wani gawar ɗan'uwansa ce za a binne. Ta hanyoyin daji suka riƙa bi. Taswirar da za ta nuna wa likita inda sanƙarau ke bi, ita ce za ta nuna waɗannan hanyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ba ina kare fasa-ƙwauri ba ne. Jami'an tsaro da na kwastam suna da aikinsu, doka ta kuma shimfiɗa musu hanyar neman bayani a kan wanda suke zargi. Su bi ta can. Ranar da mutanen ƙasar Gumel suka ji cewa bayanin da aka karɓa da sunan yaƙi da cuta ya koma hannun masu kame, daga ranar ba wanda zai ƙara ba ma'aikacin asibiti lambarsa ta gaskiya. Za a bar waya a gida a yi tafiya. Za a ɓoye mara lafiya a ƙuryar ɗaki ana ba shi jiƙo har sai ya galabaita. Asarar da za a yi a nan ta fi duk abin da za a kama.

Wannan tsoro ba ƙirƙira ba ce. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana cewa bayanan da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓa daga 'yan Rohingya a Bangladesh sun isa hannun gwamnatin Myanmar, ƙasar da suka gudo daga cikinta, alhali da yawa daga cikinsu sun ce sun ɗauka rajistar ta samun agaji ce. A nan gida, a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya, har da na NIN, a kan naira 100. A kara, dillali yana sanin sirrin mai sayarwa da na mai saye, ya san wanda bashi ya koro shi kasuwa da wanda jakarsa ta cika, kuma cinikin miliyoyi yana tafiya ne saboda an yarda ba zai yi yawo da abin da ya sani ba. Dillalin da ya fasa sirri sau ɗaya ya gama cin kasuwa. Matsayin hukumar lafiya ke nan a kan bayanan wayoyinmu.

Sai kuma wata matsala da ba a cika faɗa ba, wato mutanen da waya ba ta gani. A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, ministar jinƙai ta wancan lokaci, Sadiya Umar Farouq, ta ce za a gano talakawan birane ta hanyar duba masu sa katin waya na naira 100 ko ƙasa da haka, da masu ƙasa da naira 5,000 a asusun banki. Niyyar mai kyau ce, amma a auna ta da ƙauyukanmu a gani. Wanda ya fi kowa talauci ba shi da wayar balle asusun. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, matan gida sai sun ara. Layuka da dama da NIN ɗin wani aka yi musu rajista, na ɗa ko na ƙane ko na maƙwabcin da ya samu zuwa gari. Makiyayi da ɗan kasuwar iyaka suna yawo da layi biyu, na Nijeriya da na Nijar, da zarar an ƙetara a sauya, sai mutum ya ɓace daga rubutun kamfani ɗaya ya ɓullo a na wani kamar sabon mutum. Ka tsaya a rumfar mai caji ranar kasuwa ka gani: janareta na ruri, wayoyi jere a kan katako, kowace an liƙa mata 'yar takarda mai lamba. Wasu masu su suna cikin kasuwar, wasu kuwa aiko su aka yi daga ƙauyen da babu wuta, mai wayar yana gona bai taka ƙafarsa Maigatari ba. Na'urar kamfani za ta rubuta cewa ya zo kasuwa.

Babbar magana ma, sanƙarau yara da matasa ta fi kamawa. Yaro ɗan shekara biyar ba shi da layi. Almajirin da ke kwana a soro da 'yan'uwansa masu yawa, wanda ya fi kowa shiga haɗari, ba shi da layi. Don haka taswirar waya tana iya nuna alƙibla, amma kuskure ne babba a bar ta ta yanke hukuncin wanda zai samu allura ko buhun hatsi. Mai unguwa da dagaci da ungozoma da malamin tsangaya da mai kemis ɗin ƙauye sun san abin da babu shi a kwamfuta. A fara da taswira, a tabbatar da bakinsu. In suka saɓa, a tashi mutum ya je ya gani da idonsa.

A ɓangaren Facebook da WhatsApp da TikTok kuwa laifin ya fi yawa a wuyanmu mu jama'a. Ba na musun amfaninsu. Sau da yawa labarin ambaliya ko gobara ko haɗarin mota a waya yake fara fitowa kafin hukuma ta ji, kuma saƙon murya da Hausa yana isa ga wanda bai iya karatu ba. Amma mun ga ɗaya fuskar. A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, aka wayi gari mutane a asibiti, wasu suka mutu. A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta fashe a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, fiye da mutum 150 suka rasu, kafin gari ya waye hotuna da bidiyon waɗanda suka ƙone sun cika wayoyi. Waɗannan 'ya'yan mutane ne. Addinin da ya umarce mu da suturta mamaci bai ba mu izinin yawo da hoton gawarsa ba, kuma Suratul Hujurat ta yi umarni da tantance labari ta kuma hana bin diddigin sirrin mutane. Haka nan ɗabi'ar da ta zama ruwan dare ta ɗaukar hoton takardar sunayen masu karɓar tallafi, da lambobin wayarsu, a watsa a zauren WhatsApp don a nuna an yi aiki. Wannan takarda ita ce jarin ɗan damfara. Gobe zai kira tsohuwa ya ambaci sunanta da ƙauyenta, ya ce tallafinta ya fito, ta karanto masa lambar da aka turo mata. Jami'in da ya watsa takardar yana da kaso a cikin wannan zalunci ko da bai nufa ba.

Hukuma tana iya sauraron abin da ake faɗa a fili a waɗannan kafofi don ta san jita-jitar da ke yawo ta amsa ta da wuri. In ana cewa allura tana hana haihuwa, a fito da likita da limami a rediyo su yi bayani. Amma in sauraron ya koma farautar wanda ya rubuta cewa yara suna mutuwa a ƙauyensu, an toshe bakin da ya kamata ya fara yin ƙararrawa.

Doka ba ta bar mu haka nan ba. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, har da maganarsa ta waya. A Yunin 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta sa bayanin lafiyar mutum cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 in bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Dokar ta sassauta wa hukumomi wasu sharuɗɗa a lokacin annobar da ta shafi ƙasa, amma ko a lokacin ba ta ɗauke musu ginshiƙan ba: a karɓi iya abin da ake buƙata, don manufar da aka ambata, kada a riƙe shi fiye da lokacin buƙata, a kuma tsare shi. Nijar ma tana da dokarta tun 2017 da hukumarta mai suna HAPDP. Tun da cutar tana ƙetara iyaka, dole Jigawa da Damagaram su riƙa musayar alƙaluma, kuma jimilla ta ishe su, ba sai an miƙa sunan kowa ba. Sai dai dokar da ke cikin littafi a Abuja da Turanci ba ta kwantar wa mai raƙumi hankali. Sai ya ji ta da kunnensa daga bakin wanda ya yarda da shi.

Mu a wannan yanki mun san tsadar rasa yarda, kuma da sanƙarau aka koya mana. A 1996, lokacin annobar da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka zo ƙauracewa allurar shan-inna a 2003, labarin Trovan na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa, kuma cutar shan-inna ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Shekaru aka kwashe, da sa bakin sarakuna da malamai, kafin a dawo da yardar da aka zubar a cikin 'yan makonni. A Maris ɗin 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara. Iyaye suka fito da 'ya'yansu. Wannan fitowar ita ce dukiyar da nake tsoron a yi wasa da ita saboda gaggawa ko ganganci.

Kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa da hukumar agajin gaggawa ta jiha shi ne su zauna da kamfanonin waya da hukumar NDPC da Majalisar Masarautar Gumel tun ana zaune lafiya, kafin hunturu ya kama. A rubuta a takarda ɗaya abin da za a karɓa, da ofishin da zai riƙe shi, da ranar da za a goge shi, da hukuncin jami'in da ya miƙa shi ga ɗan siyasa ko ɗan kasuwa ko wata hukumar da ba ta lafiya ba. A karanta takardar a rediyo da Hausa da Fulatanci, hakimai su kai ta ga dagatai, limamai su faɗe ta ranar Juma'a, a kuma yi shelarta a kara ranar Alhamis inda baƙin Nijar za su ji.

Kai kuma mai karatu, in ɗanka ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sagewar wuya, kada ka kwana da shi a gida, ka garzaya asibiti mafi kusa, ko ka kira layin kyauta na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, 6232. In ma'aikacin lafiya ya nemi lambar wayarka ka ba shi ta gaskiya, sannan ka tambaye shi wanda zai riƙe ta da abin da za a yi da ita, don haƙƙinka ne ka sani.